Hakkin Dabba a Kan Mai Amfani da Ita

A cikin shekarar 2003 aka yi wani babban nunin ayyukan fasaha a birnin Benis na ƙasar Italiya. Cikin waɗanda suka kai aikinsu har da wata mata ta ƙasar Ostareliya, sunanta Patricia Piccinini, wadda aka haifa a Saliyo a 1965. Abin da ta ƙera kuwa mutum-mutumi ne na wata uwa kwance da 'ya'yanta uku. Biyu suna shan nono, ɗaya yana rigingine yana wasa da ƙafarsa kamar jinjiri. Kunnuwan uwar da hancinta irin na alade ne, amma hannuwanta da fatarta kamar namu. Da wata irin roba mai laushi aka yi ta, aka dasa mata gashin mutum.

Babu irin wannan halitta a duniya. Mai aikin ta ƙago ta ne kamar dabbar da za a kiwata domin a riƙa cire sassan jikinta ana dasa wa marasa lafiya. Wanda ya dube ta, da fari sai ƙyama ta kama shi. In ya daɗe yana kallo, sai ya ga gajiya irin ta mai jego a fuskarta, tausayi ya shige shi.

Kada mai karatu ya zaci tatsuniya ce kurum. A watan Janairu na 1922 da wani ya faɗi wannan da an ce ya haukace, amma a watan Janairu na 2022 likitoci a jihar Maryland ta Amurka sun dasa wa wani mutum zuciyar alade, bayan masana sun sake wa dabbar ƙwayoyin gado guda 10 domin kada jikin mutum ya ƙi ta. Ya rayu wata biyu da ita.

To, ga tambaya. Idan mutum ya sāke halittar dabba har jikinta ya dace da nasa, mene ne hakkinta a kansa?

Waɗansu suka ce dabba dabba ce, ran mutum kuwa ya fi nata daraja. Lalle akwai gaskiya a nan, domin wanda ɗansa ke kwance rai a hannun Allah ba zai ƙi magani ba. Amma fifiko ba ya kashe hakki. Dubi makiyayi. Yana shan nonon shanunsa, yana sayar da su, duk da haka ya san kowace saniya da sunanta, yana hana kansa barci in ta yi ciwo. Bai ce ita mutum ce ba, bai kuma mai da ita kamar itace ba.

Masu iya magana sun ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda zai rayu da zuciyar dabba ya ci ladanta. Askin da zai yi mata shi ne ya ciyar da ita, ya ba ta wurin sakewa, kada ya wahalshe ta a banza, kada kuma ya taɓa halittarta sai bisa larura.

Ƙyama kuwa ba ma'auni ba ce. Sau da yawa abin da ido ya ƙi, shi ne ya fi bukatar jinƙai. Iyakar ikon da mutum ya samu bisa wata halitta, iyakar nauyin da ya hau kansa ke nan.