Kashe Zaki Don Raya Zaki: Hujja Ko Hanzari?

A watan Yulin 2015 wani Ba'amurke likitan haƙori, Walter Palmer, ya biya kimanin dala 50,000, aka ja hankalin zakin nan Cecil da mushe har ya fito daga gandun dajin Hwange na ƙasar Zimbabuwe, ya harbe shi da kibiya. Duniya ta yi ca, kuma kafin shekarar ta ƙare Faransa ta hana shigo da kawunan zakunan da aka harbo. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne hujjar masu goyon bayan irin wannan farauta, wato cewa kuɗin kashe zaki ɗaya shi ke raya ɗari.

Bai kamata mu yi wa hujjar riƙon sakainar kashi ba. Zaki dabba ce mai bukatar dawa mai faɗi, ita kuwa dawa, muddin ba ta kawo wa maƙwabtanta komai, ƙarshenta gona ko makiyaya. Filayen da aka keɓe wa farauta a Afirka kudu da Sahara an ƙiyasta sun kai murabba'in kilomita miliyan 1.4, sun ɗara gandayen gwamnati faɗi, kuma da yawansu ƙungurmin daji ne mai ƙudan tsando, inda ɗan yawon buɗe ido ba zai je ɗaukar hoto ba. A Bubye ta Zimbabuwe, wadda da can makiyayar shanu ce, an mayar da 'yan zakuna kaɗan a 1999, suka hayayyafa har suka kai ɗaruruwa, da kuɗin maharba ake tsaronsu. Kenya kuwa ta haramta farauta tun 1977, amma namun dajinta ba su daina raguwa ba. Makiyayin da zaki ya karya wa saniya ba ya ganin manyan dawa na tatsuniya, ɓarawo yake gani, ya nemi guba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, amma hujjar tana da gurgunta. Maharbi babban namiji yake nema, mai cikar geza, wanda sau da yawa shi ne uban garke. Idan ya faɗi, wasu mazan sukan karɓe garken, su kashe 'ya'yan da suka tarar domin matan su koma barbara. Ke nan harbi ɗaya yana iya zama mutuwar zakuna da dama. Saboda haka ne Tanzaniya ta sa dokar kada a harbi wanda bai kai shekara 6 ba, sai dai wa ke duba haƙoran zaki kafin ya saki harsashi? Ɗan Cecil ma, Xanda, maharbi ne ya kashe shi a 2017.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya warwarewa. A al'adarmu maharbi yakan kashe don tukunya ko don ya raba gari da ta'adi, shi ya sa ake yi masa kirari. Wanda ya kashe don ya rataya kai a bango, sha'awa ce kawai ta kai shi, kuma amfanin da ya biyo bayan aikinsa bai wanke niyyarsa ba. A ganinmu masu goyon baya sun yi gaskiya game da dawa, amma sun yi zarmiya da suka mai da attajirin maharbi gwarzo. Iyakar abin da za a ce da kuɗinsa shi ne, da babu gara ba daɗi, shi ma in ya isa hannun mutanen ƙauye bai maƙale a ofis ba.

Mu da ke nan ba mu da bakin yi wa kowa gori. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, na Nijeriya kuwa, a Yankari da Kainji, ba su kai 50 ba. Waɗannan ba attajiri ne ya ƙarar da su ba; noma da kiwo da farautar namun da suke ci ne suka cinye musu dawa, kuma babu wanda ya yi musu zanga-zanga.