Ma'ajiyar Na'ura da Amanar Riwaya

Daga cikin kayan aikin da masu gyaran rediyo da amsa-kuwwar masallatai na Nima da Maamobi a birnin Akara suke burin mallaka, su da ke zirga-zirga zuwa Zongo Lane neman kayan gyara, akwai wata na'ura da ake kira osiloskop, wadda aikinta shi ne ta zana wa ido hawa da saukar lantarki a kan allo, har abin da yake gaibu ga gani ya bayyana a siffar layi mai lanƙwasa. Asalinta bututun da Bajamushe Ferdinand Braun ya ƙera ne a 1897. Irin ta dā tana nuna abu nan take ya shuɗe; ta zamani kuwa ɗibar awo take yi ɗigo-ɗigo, ta zuba a ma'ajiya, sa'an nan ta yi zane daga abin da ta adana.

A nan mas'alar take, domin ma'ajiya tana da iyaka, kuma hisabinta ba ya karɓar roƙo. Wata ƙaramar na'ura ta kamfanin Rigol na ƙasar Sin, DS1054Z, tana iya ɗibar ɗigo biliyan 1 a sakan, ta kuma fito da ma'ajiyar ɗigo miliyan 12. Idan ta yi aiki da iyakar saurinta, sai ta cika cikin kashi 12 daga 1000 na sakan, alhali wutar da ke shiga gidajen Akara, mai juyawa sau 50 a sakan, ba ta ko kammala juyi ɗaya ba. Wanda ya nemi dogon lokaci tilas ya rage sauri, wanda ya nemi ƙwaƙƙwafi tilas ya haƙura da taƙaitaccen lokaci.

Kamfanoni sun yi saɓani a kan wannan, kowa da mazhabarsa. LeCroy ya shahara da doguwar ma'ajiya. Keysight, a yawancin na'urorin jerin InfiniiVision, ya wadatu da ɗigo 'yan miliyoyi, ya mai da himma ga saurin sabunta zane, har sau miliyan 1 a sakan a wasunsu, saboda tsakanin ɗiba da ɗiba akwai lokacin da na'urar take a makance, kuma sau da yawa cikin wannan gafala aibin da ake nema yake wucewa. Wasu na'urorin abin da allo ya ɗauka kaɗai suke adanawa. Wasu suna cika ma'ajiyar har bayan gefen allo, ta yadda in ka tsayar da su za ka ga abin da ya gabata da abin da ya biyo baya.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin na'urar idan ɗigon ya yi ƙaranci. Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949 sun aza ƙa'idar cewa wajibi ne saurin ɗiba ya zarce ninki biyu na saurin abin da ake aunawa. In aka gaza haka, na'urar ba ta cewa ta rasa. Haɗa ɗigon take yi da layi, ta fitar da zane santal, mai kyan gani, wanda babu shi a cikin waya ko kaɗan. Shi ya sa gwanin mai gyara yakan fara duban kusurwar allo, inda aka rubuta saurin ɗiba, kafin ya gaskata zanen.

Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan cuta a cikin ɗan Adam. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, ya sharɗanta wa mai riwaya abu biyu, adalci da kiyayewa, domin mutum yana iya zama mai tsoron Allah, ba ya ƙarya da gangan, amma wahami ya shige shi, ya cike gurbin da ya manta da abin da hankalinsa ya ga ya dace. Har babi suka keɓe wa mudraji, wato maganar mai riwaya da ta cakuɗe da matani har mai ji ya kasa rarrabewa. Ilimin da ya kewaye komai, bayyane da ɓoye, ba gyangyaɗi ba mantuwa, siffar Allah ce Shi kaɗai. Rabon bawa ɗigo ne da giɓi, kuma ban ga laifi a kansa don giɓin ba. Laifin yana ga ɓoye shi. Imamu Malik, wanda yawancin mutanen unguwannin Zango irin su Nima ke bin mazhabarsa, an san shi da yawan amsa tambaya da cewa bai sani ba, a gaban almajiran da suka yiwo tafiyar watanni don su ji daga bakinsa.

Yau a Nima kusan kowane saurayi yana riƙe da ma'ajiya a aljihunsa. Ana ɗaukar tafsirin azumi na sa'a biyu, a yanko rabin minti, a watsa ta WhatsApp, kafin sallar isha'i unguwa ta rabu biyu, a kan malamin da wataƙila yana kawo maganar wani ne don ya warware ta. Muryar tasa ce, ba a ƙara harafi ba, saboda haka mai turawa yake jin ya kuɓuta daga ƙarya. Ni kuwa ina ganin bai kuɓuta ba matuƙar bai faɗi tsawon karatun ba, da abin da aka ce kafin nan, da wanda ya yi yankan, ko aƙalla ya shaida wa wanda ya tura wa cewa shi ma guntun kaɗai ya ji.