Kowa Ya Samu Rana Ya Yi Shanya?

Mai karatu, a 2017 birane da yankuna 238 suka yi rububin kamfanin Amazon ya kafa hedikwatarsa ta biyu a wajensu, da yawansu har da alkawarin sassauta haraji. Daura kuwa ba ta sha wannan wahala ba. A 2019, zamanin mulkin ɗanta Buhari, ta samu kwalejin fasaha ta tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. Son kai ne ko kishin gida? Ni dai a ganina alhakin ya koma kan Daurawa. Dubi harkar fim: kasuwa ce ta zaunar da ita a Kano, ba umarnin wani ba. Mulki kan kawo gini, amma ruwa, wuta da kyakkyawar mu'amala ke hana baƙo tashi.