Idan annoba ta shiga filaza, haƙƙin a wuyan wa yake?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Makon jiya bayan sallar La'asar wani dattijo daga cikin masu bina sallah ya tsayar da ni. Yana da bene mai shaguna kusan arba'in. 'Yan hayarsa sun rubuto masa takarda cewa sokawe ya cika, yana kwarara kusa da rijiyar burtsatsen da kowa ke ɗiba, banɗaki ɗaya ne tal ga jama'ar gaba ɗaya, ga damina ta ƙarato. Ya ce da ni: "Malam, ni shago na ba su haya. Lafiyarsu kuma ai tana hannun Allah. Akwai zunubi a kaina idan ban gyara ba?"

Na ce masa: "Alhaji, lafiya tana hannun Allah, gaskiya ne. To sokawen fa, a hannun wa yake?" Ya yi dariya, amma na ga maganar ta shige shi.

'Yan uwa, mu fara da fiƙihu. Malamai sun ce abin da ake saye a haya shi ne amfanin wuri. Don haka duk gyaran da amfanin ba ya cika sai da shi, kamar rufi da magudanar ƙazanta, asalinsa yana kan mai gini. Shagon da mutum zai wuni a cikinsa tun safe har magariba babu ruwan wanke hannu mai tsabta, babu tagar shan iska, amfaninsa tauyayye ne ko da an karɓi kuɗin shekara cif. Ga kuma ƙa'idar shari'a da ta hana mutum ya cutar da waninsa.

Batun ƙaddara kuwa, Sahabbai sun riga sun warware mana shi. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sargu aka sanar da shi annoba ta ɓarke. Ya yi shawara, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sannan Abdurrahman bn Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana mutanen cikinsa ficewa don gudu. Annobar Amwas ta ci Abu Ubaida da Mu'azu bn Jabal, Allah Ya ƙara musu yarda. Waɗannan sun fi mu tawakkali, kuma sun ɗauki mataki.

Mu ma mun gani da idonmu. A 2020 korona ta sa an rufe kasuwannin Kano. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya. A 2023 mashaƙo ya addabi Kano. Kowacce da ƙofar shigarta: kwalara ta ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, mashaƙo ta tari da atishawa a cunkoso, zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera a sito. Wanda ya san ƙofa ya bar ta a buɗe don tsimin kuɗi, me zai ce ranar hisabi?

Abin da ke kan mai gini shi ne ya kwashe sokawe kafin damina, ya nisanta shi da rijiya, ya wanke tankin ruwa ya rufe shi, ya sa famfo da sabulu a bakin banɗaki, ya buɗe tagogin da aka toshe don ƙara kanta, ya toshe ramukan ɓera. Mai kula da ginin ya riƙe lambar asibiti mafi kusa.

Amma kada 'yan haya su ce Malam ya goya mana baya. Ku ma da naku. Kai ne kake zuba shara a kwata, kai ne kake tara buhuna a hanyar wucewa. Mafi muni, yaron shagonka ya tashi da amai da gudawa ko zazzaɓi, ka ce idan bai zo ba babu sallama. Sai ya ɓoye ciwon ya fito, ya taɓa kuɗi, ya ci kwano ɗaya da 'yan uwansa. Wallahi wannan zalunci biyu ne: ka zalunce shi, ka zalunci maƙwabta. Ka bar shi ya je asibiti, ka ba shi abin cefanensa.

Na san wani zai ce gyara kuɗi ne, kuma kasuwa babu ciniki. Haka ne. Shi ya sa na shawarci Alhajin ya zauna da 'yan hayarsa tun ana zaune lafiya, a rubuta: wannan nawa ne, wannan naku ne, ga asusun tsabta da kowa zai riƙa sa wani abu duk wata, ga yadda za a yi da kuɗin haya idan hukuma ta sake rufe kasuwa. Abin da ba a tsara shi cikin kwanciyar hankali ba, da rigima ake yinsa ranar tsoro.

Jiya ya gaya mini motar kwashe sokawe ta zo. Saura zaman.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.