Ashe 'Yar Gida Ce

Duk wanda ya saba da littattafan soyayya na Hausa, tun daga waɗanda ake bayarwa haya a shagunan Kano cikin shekarun 1990 har zuwa waɗanda ake turawa shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad a yau, ko daga barci aka tashe shi zai iya zayyano wannan zubin labari. Yarinya ce ta tashi a hannun wata tsohuwa mai sayar da koko, ko a gidan da ake yi mata riƙon sakainar kashi. Wani ɗan masu hali ya gan ta, ya ce shi duk duniya sai ita. Mahaifiyarsa ta rantse ba za a kawo mata marar asali cikin zuri'a ba. A sha wuya, a sha makirci, sai can wajen ƙarshe hajiya mahaifiyar tasa ta hango tabo a bayan kunnen yarinyar, ko ta ga wani zobe da ta sani, ta yanke jiki ta faɗi. Ashe 'yar ƙanin mijinta ce da ta ɓace a tashar mota tana goye. Mai karatu ta hango wannan ƙarshe tun labari bai yi nisa ba, amma hakan bai hana ta share hawaye ba idan aka zo wurin. Abin tambaya shi ne, me ke cikin wannan tsohon zance da maimaici bai kashe shi ba?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kwaɗayin arziki: talaka na son ya ji an ce wata rana za a ƙwanƙwasa masa ƙofa a shaida masa shi ɗan attajiri ne. Wannan amsa ba ta isa ba, domin yarinyar ta riga ta sami mai kuɗin da ke son ta tun kafin a gano iyayenta. Abin da ganowar ta ƙara mata daban ne. A ƙasar Hausa asali ba ado ba ne, kayan aiki ne. Kafin a karɓi kuɗin gaisuwa sai an yi bincike, kuma tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne. Waliyyin da zai ba da aure daga dangin uba yake fitowa, gado ta jini yake bi, macen da ba ta da dangi kuwa ko yaji ba ta da inda za ta yi, kuma mijin da ya san haka ya san babu wanda zai zaunar da shi. Sannan wannan adabi ya girma ne cikin gardamar auren dole da auren so. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa littattafan Balaraba Ramat Yakubu, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ana ta jan igiya tsakanin abin da zuciya ta zaɓa da abin da iyaye suka zaɓa. Dabarar dangin da suka ɓata ta warware wannan rikici ba tare da an kayar da kowa ba. Yarinya ta zaɓa da kanta, sai ga shi wanda ta zaɓa ɗan baffanta ne, wato shi ne dai wanda manya za su zaɓa mata da tana gabansu. Auren soyayya ya rikiɗa ya zama auren zumunci. Ba ta saɓa wa iyaye ba, ba ta kuma danne zuciyarta ba.

A nan ne labarin ya daina zama na soyayya kawai ya koma magana kan ƙaddara. Bahaushe ya ce matar mutum kabarinsa, kuma musulmi ya yi imani babu abin da ke faruwa da ka. Sai dai imani da ƙaddara imani ne da abin da ba a ganin ƙarshensa. Uwar da ɗanta ya fita bai dawo ba an ce ta yi haƙuri, akwai hikima, amma hikimar ba a nuna mata ita. Abin da ƙagaggen labari ke yi wa mai karatu shi ne ya ɗora shi a inda zai ga zaren tun daga farkonsa har ƙarshensa, ya ga cewa ɓatan da aka yi a tashar mota shi ne hanyar haɗuwar da aka yi bayan shekara ashirin. Wanda ya ce wannan ƙishirwa baƙuwa ce a addini bai lura da Suratu Yusuf ba. Ayoyi 111 ne, kusan duka a kan yaro guda da aka raba da mahaifinsa, aka sayar da shi, ya girma a Masar, 'yan'uwansa suka tsaya gabansa ya gane su ba su gane shi ba, har rigarsa ta zama alamar da ta mayar wa Annabi Yaƙub da ganinsa. Ga mahaifiyar Annabi Musa da ta saka jaririnta a kogi aka dawo mata da shi ta shayar. A Sira ma, bayan yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan hijira, an kawo wata mata cikin kamammu tana cewa ita 'yar'uwar Manzon Allah (SAW) ce ta shayarwa. Shaima ce, 'yar Halimatus Sa'adiyya, kuma shaidar da ta nuna tabon cizo ne da ya yi mata yana ƙarami tana ɗauke da shi. Ya shimfiɗa mata mayafinsa ta zauna. Ba ana kwatanta wahayi da littafin haya ba ne, Allah ya tsare. Ana cewa ne jijiyar da waɗannan marubuta suke taɓawa, addini ya san da ita, bai kuma ce a cire ta ba.

Masu suka suna da hujjoji, wasu marasa nauyi. Akwai masu cewa ƙarya ce da ɓata lokaci, ra'ayin da ya kai ga ƙona irin waɗannan littattafai a Kano a 2007. Amma ƙaryar da aka hana ita ce wadda ake yaudarar mutum da ita, mai karanta ƙagaggen labari kuwa ya san abin da ya saya. Akwai masu cewa dacen ya yi yawa, tabo da zobe da laya dabarar malalacin marubuci ce. Wannan gaskiya ne, kuma tsohuwar suka ce, domin masanin falsafa Aristotal ma sama da shekara 2,300 da suka wuce ya sa ganewa ta hanyar alama a matakin ƙasa cikin dabarun wasan kwaikwayo. Sai dai rauni ne na sana'a, ba na ma'ana ba. Akwai kuma masu cewa daga finafinan Indiya aka kwaso, irin su Waqt na 1965 da girgizar ƙasa ta tarwatsa iyali, ko Amar Akbar Anthony na 1977. Tasirin Indiya ba abin musu ba ne, amma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito tun 1934, kuma ƙashin bayansa yaro ne da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa bauta ta ƙetare Sahara. Al'ummar da ta ga harin bayi, ta ga alhazan ƙafa da suka tafi Makka suka zauna a Sudan ba su dawo ba, ba ta buƙatar Bombay ta koya mata zafin rabuwa.

Suka mai nauyi ita ce ta masu cewa ɓata ba abin nishaɗi ba ne a ƙasar da ake ɓata da gaske. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana da rajistar mutum kusan 22,000 da suka ɓata a Najeriya, galibi sanadin rikicin arewa maso gabas, fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata. A shekarar ce kuma aka gano yaran Kano tara da aka sace aka kai Anambra, an canza musu suna. Haɗuwar gaske ba ta zuwa da guɗa kaɗai. Tana zuwa da yaron da ya saba da wata uwa, da matan da suka dawo daga daji da goyo ana nuna su da baki. Fiƙihunmu ma ya san wannan ɗaci, shi ya sa Malikiyya suka yanka wa matar wanda ya ɓata shekara huɗu ta jira, sannan ta yi takaba. Ko Shaihu Umar bai yi wa mai karatu rangwame ba, uwar ta ga ɗanta ne ta cika ba da jimawa ba. To amma wannan hujja tana iya juyawa kan mai ita. Inda ɓata ya yi yawa, nan ne aka fi buƙatar jin labarin wanda aka samu, kamar yadda mai azumi ya fi kowa son hirar abinci. Labari mai sauƙi ba ya ce wa uwa ɗanki zai dawo. Yana ba ta sa'a biyu a duniyar da ake dawowa. Ba na ganin wannan laifi ne, muddin ba a ce shi ne kaɗai abin da za a rubuta ba.

Inda nake tare da masu suka wuri ɗaya ne, kuma ba su cika ambatonsa ba. Labarin yana farawa kamar zai ƙaryata surukar da ta ce marar asali ba ta shiga gidanta, amma a ƙarshe gaskata ta yake yi. Ba a nuna mata kuskure ne raina 'yar tsintuwa ba, an nuna mata kuskure ne ɗaukar 'yar gida a matsayin 'yar tsintuwa. Kunyar yarinyar da hankalinta da kyawunta duk sai a mayar da su shaidar jini, a ce dama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tsohuwa mai koko da ta yi tarbiyyar kuwa a sallame ta da kujerar Makka. Me aka gaya wa yarinyar da ke karanta wannan a gidan marayu, wadda ba zobe ba tabo, kuma babu hajiyar da za ta suma a kanta? Shari'a ta fi labarin adalci a nan. Ɗaukar ɗan tsintuwa farilla ce a kan al'umma, ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi na kan baitulmali idan ba shi da komai, wadda ba ta da waliyyi kuma alƙali ne waliyyinta. Annabi Yusuf ma ba don an gano ɗan wane ne aka damƙa masa taskokin Masar ba. An ba shi ne don amana da sani, a ƙasar da aka san shi a matsayin bawan da aka sayo, kuma ƙololuwar ƙissar yafewar da ya yi wa waɗanda suka jefa shi rijiya ce.

Akwai ƙissar da marubutanmu suka sani tun a Islamiyya amma ba su cika aron zubinta ba. An kama Zaidu ɗan Harisa yana yaro, aka sayar da shi a kasuwar Ukaza, ya shiga hannun Nana Khadija, ita kuma ta ba Manzon Allah (SAW) shi tun kafin annabci. Mahaifinsa ya yi ta cigiya har ya ji labarinsa, ya zo Makka tare da ɗan'uwansa da niyyar fansa. Aka ce ba sai an biya komai ba, a bar yaro ya zaɓa. Zaidu ya gane mahaifinsa, ya gane baffansa, bai musanta su ba, ya kuma zaɓi zama inda yake. Daga baya Suratul Ahzab ta hana a jingina ɗan riƙo ga wanda ba mahaifinsa ba, aka daina ce masa ɗan Muhammadu aka koma ce masa ɗan Harisa. Jini ya karɓi haƙƙinsa na suna, riƙo ya riƙe haƙƙinsa na ƙauna, babu wanda aka sallama da tukuici. Duk abin da ke sa mai karatu kuka yana nan: uban da bai daina nema ba, doguwar tafiya, ido da ido bayan shekaru. Marubuciyar da ta bi wannan hanya za ta iya barin jarumarta ta gano cewa mahaifinta ɗan dako ne a Kantin Kwari, ya sha wuyar nemanta shekara ashirin, sannan ta bar surukar da aikin yanke shawarar abin da za ta yi da yarinyar da ta riga ta ga halinta.