Azumin Mai Ciwon Sukari: Idan Na'ura Ta Yi Gargaɗi

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Gusau mai ciwon sukari, wanda rayuwarsa ta dogara da insulin. A damtsensa akwai 'yar na'ura kamar kwabo, tana auna sukarin jikinsa dare da rana, tana aika sakamako zuwa wayarsa. A ƙugunsa kuma akwai ɗan famfo mai tura insulin kaɗan-kaɗan ta wani siririn bututu a ƙarƙashin fata. Ran nan cikin Ramadan, saura rabin sa'a a sha ruwa, sai na'urar ta yi ƙara, sukari ya faɗi ƙasa da 70. Shin ya daure ya cika azuminsa, ko kuwa ya kai dabino baka?

Da farko dai, famfon kansa ba ya karya azumi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a zamanta na Jidda a 1997 cewa allurar magani ta fata ko ta tsoka ba ta ɓata azumi, muddin ba ta abinci ba ce. Cire famfon don azumi kuwa ganganci ne, domin insulin ɗinsa mai saurin ƙarewa ne, cikin 'yan sa'o'i jini kan iya gurɓata.

Wahalar tana ga zuciya. Mutum yakan ji kunyar a gan shi yana ci a kasuwa, ko ya ɗauka jurewa ita ce tawakkali. Amma fa Allah Maɗaukaki Ya yi wa maras lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya wajabta shan ruwa ga wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Likitoci kuma sun ce a karya azumi in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. A 2009, a Sharja, majalisar nan ta hana masu ciwon sukarin da ke cikin babban haɗari yin azumi.

A da, mutum na iya cewa bai sani ba sai da jiri ya kwashe shi. Wanda na'ura ta faɗa wa kuwa ya sani, sani kuma hujja ne a kansa. Jiki amana ne, ba mallakarsa ba ne balle ya yi caca da shi. In ya ci dabinon nan ya yi biyayya ga Wanda ya yi azumin dominSa. In ya ƙi don gudun bakin mutane, to, ya duba wa yake yi wa azumin.

Sai dai waɗannan na'urori suna da tsada ƙwarai, gama akan sauya ma'aunin damtse bayan kamar kwana 14. Manomi a Tsafe ko Bungudu ba safai zai same su ba. Wannan bai ɗauke masa nauyi ba. Ɗan ma'aunin da ake huda yatsa ya isa ya nuna masa halin jininsa, hudawar kuma ba ta karya azumi. Ya kamata tun cikin Sha'aban ya ga likita a babban asibitin garinsu ko Asibitin Tarayya na Gusau, a daidaita masa magani.

Mawadata kuma su tuna, waɗanda suka gano insulin a Toronto a 1921 sun sayar wa jami'arsu haƙƙinsa kan dala ɗaya-ɗaya. Sayen insulin ga talaka sadaka ce wadda ba ta gaza ciyarwa ba.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya karɓi ibada, amin.