Tseren Zuwa Wata da Abincin Matalauci

Ran 15 ga Yuli 1969, ana gobe kumbon Apollo 11 zai tashi zuwa duniyar wata, wani fasto baƙar fata mai suna Ralph Abernathy ya iso bakin filin harba kumbo a jihar Florida ta Amurka. Shi ne magajin Martin Luther King. Ya zo da iyalai matalauta da amalanke waɗanda alfadarai suke ja. Ƙararsa ita ce, ƙasa tana zuba dukiya a sararin sama alhali mutum ɗaya cikin biyar na 'ya'yanta ba shi da isasshen abinci, ko sutura, ko wurin kwana, ko magani. Shugaban hukumar NASA, Thomas Paine, ya fito ya tarye shi. Ya amsa masa cewa da a ce fasa tashin kumbon zai kawar da wahalar nan, da an fasa. Ya kuma roƙe shi ya yi wa matafiyan addu'a, faston kuwa ya yarda.

Mutanen nan biyu sun rabu lafiya, amma tambayar da ta haɗa su tana nan. Daidai ne gwamnati ta kashe dukiyar jama'a a kan tafiya sama saboda gasa da wata ƙasa? In kuwa amfani ya fito daga gasar, amfanin ya isa ya wanke niyyar?

Sai a fara da niyyar. Ran 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko. Tsoro ya kama Amurka, gama rokar da ta iya ɗaga tauraro tana iya ɗaukar bom ta ƙetare teku. A 1958 aka kafa NASA. Ran 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaye duniya, makonni shida bayan haka Shugaba Kennedy ya yi wa majalisa alkawari cewa Ba'amurke zai taka wata kafin ƙarshen shekarun 1960. A Nuwamba 1962 ya gaya wa shugaban NASA na lokacin, James Webb, cewa sararin sama bai dame shi sosai ba, abin da yake so shi ne a riga Rasha. An ɗauki maganar nan a faifai, ta kuwa fito daga baya.

Kuɗin ma sun ba da shaida. Shirin Apollo ya ci wajen dala biliyan 25, ma'aikata kimanin 400,000 suka yi masa hidima. A 1966 NASA ta karɓi fiye da kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin tarayya. Da aka ci tseren, sai hannu ya ja baya: aka soke tafiye-tafiye uku, mutum na ƙarshe ya bar wata a Disamba 1972. Da ƙishin sani ne ya kai su, da ba a tsaya daidai lokacin da masana suka fara samun abin da suke nema ba. Rasha kuwa, babbar rokarta ta lalace sau huɗu tsakanin 1969 da 1972, sai ta ɓoye shirin, ba ta amsa cewa ta shiga tseren ba sai 1989. Gaggawa ta kuma ci rayuka. A Janairu 1967 'yan sama jannati uku na Amurka suka ƙone a cikin kumbo lokacin gwaji, a Afrilu na shekarar kuma Vladimir Komarov ya mutu sa'ad da kumbonsa ya faɗo ƙasa.

Har nan gaskiya tana wajen faston. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, shugaban da ya bar talakawansa da yunwa yana neman suna a gaban al'ummai ya juya aikinsa. Littafin Farawa ya ba da labarin hasumiyar Babila, laifin maginanta kuwa yana cikin dalilinsu, wato neman suna wa kansu, gama gini kansa ba zunubi ba ne.

Amma amsar Paine ma tana da nauyi. Sa'ad da aka rage kuɗin NASA, talauci bai ƙare a Amurka ba. Yaƙin Biyetnam, wanda ake yi a shekarun nan, ya ci ninkin kuɗin Apollo sau da yawa. Ashe ƙasar tana da abin da za ta ciyar da mayunwatanta ta kuma je wata. Abin da ta rasa shi ne nufi. An sa wa tafiya wata rana, aka ba ta kuɗi da gwanaye, aka ce kada a dawo sai da nasara. Ba wanda ya sa wa yunwa irin wannan rana. Nan ne zargin ya fi tsanani: mutum ya nuna abin da zai iya yi in girmansa ne a kan faifai, ya kuma nuna yadda hannunsa yake sanyi in maƙwabcinsa ne.

Ba za a kuma yi musun amfanin ba, ƙasar Hausa ma ta ga nata. A farkon shekarun 1960 NASA ta kafa tasha a Kano domin bin sawun kumbunan shirin Mercury. Tauraron duba yanayi na farko da ya yi aiki ya tashi a 1960, na duba ƙasa mai suna Landsat a 1972. Bayan babban farin da ya hallaka mutane da dabbobi a Sahel, aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Da hotunan taurari irin waɗannan ake duba damina, da makiyaya, da wuraren da fara take haihuwa, domin a yi gargaɗi tun rumbu bai zama fanko ba. Sai dai mai karatu ya lura, ayyukan da suka taimaki manomi su ne marasa ganga da tuta, kuɗinsu kuma kaɗan ne in an gwada da na kai mutum wata.

To, amfani yana wanke niyya? A'a. 'Yan'uwan Yusufu sun sayar da shi da mugun nufi, Allah ya juya abin ya zama ceton mutane da yawa daga yunwa, duk da haka sayarwar ba ta zama aikin kirki ba. Ana gode wa Allah saboda amfanin, ana kuma kiran girman kai da sunansa. Ya kamata a tuna cewa akwai wata hanya. A Satumba 1963 Kennedy kansa ya ba da shawara a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ƙasashen biyu su je wata tare. A 1967 aka sa hannu kan yarjejeniya cewa ba ƙasar da za ta mallaki wata. A Yuli 1975 kumbon Amurka da na Rasha suka haɗu a sama, matafiyan suka yi musafaha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gasar ta sāke tashi da sababbin 'yan tsere. A 2011 majalisar Amurka ta hana NASA aiki kai tsaye da Sin ba tare da izini ba. A 2019 Sin ta saukar da kumbo a bayan wata, a 2023 Indiya ta saukar da nata kusa da kudancinsa. Ƙasashen Afirka ma sun shiga, Nijeriya ta sami tauraronta na farko a 2003. Saboda haka talaka yana da iko ya yi wa gwamnatinsa tambayoyi uku a kan kowane babban aiki, ko tauraro ne, ko filin wasa, ko sabuwar fada. Wa zai amfana? Da ba abokin gaba mai kallo, za a yi aikin? An kuma ba rijiya, da asibiti, da makaranta irin wannan himma? Shugaban da ya iya amsa ukun nan da gaskiya, bari ya harba tauraronsa. Wanda ya kāsa, yana bukatar wani kamar Abernathy ya tsaya masa a ƙofa da amalanke, ya faɗa masa gaskiya, ya kuma yi masa addu'a.